Harsashin Giwa a Ƙasar Zomo

Wani abokina likita, wanda ya yi shekaru yana aiki a Amurka, ya kawo mini ziyara a Rijiyar Zaki bayan sallar La'asar. Muna zaune a ƙofar gida ya ciro waya yana nuna mini hotunan farautar da ya taɓa bin abokan aikinsa a can. Da ya gama sai ya kawo tambayar da ya ce ta fi kowace raba kan maharban ƙasar: in mutum zai mallaki bindiga ɗaya tak don farautar manyan namun daji, wane harsashi ya kamata ya zaɓa? Ya ce yana tunanin neman lasisi, domin ya gaji da zaman asibiti, yana marmarin daji.

Na dubi gabas na dubi yamma, ban ga komai ba sai gidajen bulo da masu adaidaita sahu a kan titin Gwarzo. Unguwar tana ɗauke da sunan zaki, amma dabba mafi girma da ke shan ruwa a cikinta yau ita ce ragon layya. Duk da haka ban yi masa dariya ba. Tambayar tana da amsa ta ilimi, kuma in aka bi amsar har ƙarshe za ta kai mu ga wata matsala da ta shafi rayukan mutanenmu.

Abin da ake nufi da harsashi mai kyau

Harsashin zamani abu huɗu ne a haɗe: kwanson tagulla, albarushin da ke cikinsa, ɗan ƙyastun da ke gindin kwanson, da ƙwayar da ke fita. Bindigar da ake magana a kanta ita ce mai jefa ƙwaya ɗaya, wadda aka yi wa zane mai murɗewa a cikin bututu domin ƙwayar ta fita tana juyawa kamar katantanwa, ta tafi a miƙe. Ita Turawa ke kira raifil.

Mai zaɓen harsashi yana ciniki ne tsakanin abubuwa huɗu. Na farko shiga jiki: ƙwayar ta ratsa fata da ƙashi ta kai ga zuciya ko huhu. Na biyu miƙewar tafiya, domin kowace ƙwaya tana soma faɗuwa tun daga bakin bindiga, mai sauri ce kawai ke yin nisa kafin faɗuwar ta yi yawa. Na uku shurin da bindiga ke yi wa kafaɗa. Na huɗu samuwa: harsashin da babu shi a kasuwa ya mayar da bindiga sanda. Ba a samun huɗun a cike a wuri ɗaya. In ka ƙara nauyin ƙwaya da yawan albarushi ka ƙara shuri, kuma maharbin da ke tsoron bindigarsa yakan runtse ido ya kauce kafin ya ja kunama. Babban harsashin da ya sami cinya bai kai ƙaramin da ya sami zuciya ba.

A wannan ciniki sunaye kaɗan ne suka daɗe suna cin kasuwa. Akwai .30-06, wanda sojan Amurka suka ɗauka a 1906. Lambar farko faɗin bakinsa ce a ma'aunin inci, ta biyu kuma shekarar. Yana jefa ƙwaya mai nauyin kusan giram 12 da gudun da ya ɗara mita 800 a daƙiƙa, ƙarfin dukansa ya kusa jul 4,000. Akwai ƙanensa .308 Winchester na 1952, mai gajeren kwanso, wanda aikinsa bai yi nisa da na yayan ba. Akwai .270 Winchester na 1925, mai ƙwaya mara nauyi da miƙaƙƙiyar tafiya, wanda marubucin farauta Jack O'Connor ya shafe rayuwarsa yana yabo. A bayan nan, tun 2007, 6.5 Creedmoor ya shigo da farin jini saboda sauƙin shurinsa. A ɓangaren Afirka kuwa akwai 9.3×62 da Otto Bock ya ƙera a Jamus a 1905, sai kuma .375 H&H Magnum da kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912. Wannan na ƙarshe yana jefa ƙwaya mai giram 19 da ɗoriya, ƙarfinsa ya haura jul 5,500, shurinsa kuma ya kusa ninka na .30-06. A ƙasashen Afirka da dama shi ne mafi ƙanƙantar abin da doka ta yarda a tunkari ɓauna ko giwa da shi.

Saboda haka amsar littafi a taƙaice take. In dabbar ba mai kashe mutum ba ce, daga barewa har gwanki, .30-06 ya wadatar: yana da ƙwayoyi iri-iri, ana samunsa kusan ko'ina ake farauta, kuma matsakaicin mutum yana iya jure shurinsa. In kuwa ɓauna tana cikin lissafi, to .375 H&H ne bindiga ɗaya tilo. Wannan shi ne ra'ayina a kan tambayar kamar yadda aka yi ta, kuma ba na shakka a kansa.

Akwai wani labari da ke rage wa wannan gardama zafi. Walter Bell, ɗan Sukotlan da aka fi sani da Karamojo Bell, ya kashe giwa sama da 1,000 a farkon ƙarni na 20, kusan 800 daga ciki da ɗan harsashi 7×57, wanda ƙarfinsa bai kai jul 3,000 ba. Sirrinsa shi ne ya riƙa tsaga ƙoƙon kan giwa da zarto har ya san inda ƙwaƙwalwa take ta kowace kusurwa. Maharba suna kawo labarinsa domin su nuna cewa saiti ya fi girman harsashi, kuma gaskiya ne. Ni kuma ina kawo shi domin wani darasin: mutum ɗaya, giwa dubu. Da irin wannan lissafi daji ya zama kango.

Amsar da kakanninmu suka bayar

Bahaushe bai jira Landan ta koya masa farautar giwa ba. Tarihin Kano da aka rubuta ya siffanta Barbushe na Dutsen Dala a matsayin maharbi mai kashe giwaye, wato tun asalin garin akwai giwa a labarinsa. Wannan tarihin ya ambaci shigowar bindigogi a zamanin Sarki Kumbari, a ƙarni na 18, kuma ya ce Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa.

Bindigar da ta iso hannun talaka ita ce ta toka, mai ɗuri ta baki, wadda ba'a ta sa wa suna harba-ka-ruga. Ba ta da saiti mai nisa, ba ta da ƙarfin fasa ƙashin giwa. Sai maharba suka yi dabara: suka ɗura mata sango, wato gajeren mashi mai kaifin baki, suka shafe shi da dafin ƙwanƙwani. Bindiga ta kai sango cikin nama, dafi ya ƙarasa aikin ta hanyar tsayar da zuciya. Wannan shi ne harsashin giwa na ƙasar Hausa, kuma an yi shi ne da sanin itace da sanin dabba da haƙurin bin sawu kwana da kwanaki.

Ba ganin dama ne ya bar maharbinmu da bindigar toka har yau ba. Yarjejeniyar Birasels ta 1890 ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a mafi yawan nahiyar, ta bar musu masu ƙyastu da albarushin kasuwa. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta gaji wannan tsari mai hawa uku. Bindigar toka tana hawan ƙasa, lasisinta a hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Bindigar tsuntsaye da raifil ɗin farauta suna tsakiya, lasisinsu a hannun Sufeto Janar. A sama kuma akwai makaman da aka haramta sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma cikinsu dokar ta lissafa bindigogin soja masu faɗin baki milimita 7.62, milimita 9, inci .300 da inci .303. Ta kuma fassara raifil ɗin farauta da cewa shi ne wanda faɗin bakinsa ba ya cikin waɗannan.

Mai karatu ya lura da abin da wannan ke nufi. Faɗin bakin .30-06 da na .308 shi ne milimita 7.62. Wato harsashin da duniya ta fi amincewa da shi ya faɗa cikin layin da dokarmu ta ware wa soja. Rabin amsar littafi ta rushe tun a ofishin lasisi.

Ƙasar da za a yi harbin

Sauran rabin kuma ƙasa ce ke rushe shi. Tun a shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin karkarar da ke kewaye da birnin Kano, ya nuna cewa tana cikin wurare mafiya cunkoson manoma a Afirka, inda fiye da kashi huɗu cikin biyar na ƙasar ake nomawa kowace shekara ba hutu. Rijiyar Zaki tana cikin wannan da'ira kafin birni ya haɗiye ta. Duk wanda ya bi hanyar Ɓichi ko ta Ɗambatta ya san siffar: gona tana jingine da gona, ɗorawa da gawo da tsamiya a tsakani, kowane ɗan taƙi akwai gida ko rijiya ko yara masu kiwo.

Ƙwayar .30-06 da ta kuskure abin da aka nufa tana iya tafiyar fiye da kilomita 3 kafin ta faɗi, kuma tana faɗuwa da sauran ƙarfin kisa. A irin wannan karkara babu kusurwar da za ka juya bakin bindiga ka rantse babu mutum a cikin kilomita 3. Ƙananan ƙwayoyin bindigar tsuntsaye kuwa ƙarfinsu yana mutuwa cikin 'yan ɗaruruwan mita. Kuma me ya rage a harba? Zomo, zabon daji, fakara, gafiya, kurege, wani lokaci gada in an yi sa'a. Ko ba a gwada ba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

In aka ce a tafi inda manyan suke, sai a tarar da su a ƙidaye. Binciken da aka wallafa a 2014 ya gano cewa zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma duka kimanin 400 ne, na Nijeriya ba su kai 50 ba, a wuri biyu kacal: gandun Tafkin Kainji da Yankari. Giwayen Yankari, waɗanda suke cikin garkuna mafiya girma da suka rage mana, ba su wuce ɗari da 'yan kai ba. Raƙumin dawan Afirka ta Yamma ya ragu har ya koma 49 a 1996, dukkansu a yankin Kure kusa da Yamai. Mariri ya ƙare ƙaf a daji, aka ayyana haka a 2000, sai a 2016 aka soma mayar da shi Chadi daga waɗanda aka kiwata a killace. Dajin Falgore, gandun namun dajin jihar Kano, ya fi yin suna a 'yan shekarun nan da 'yan fashi da masu satar shanu a kan gwanki da ɓauna. Waɗannan dabbobi kuma doka ta kare su: akwai dokar namun daji ta Arewa ta 1963, akwai ta tarayya ta 1985 a kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa.

Dalilin da ya sa su suke da abin gardama

Abokina ya ɗauka yawan bindiga ne ya sa farauta ta bunƙasa a Amurka. Tarihi ya nuna akasin haka. Wajen 1900 barewarsu mai farar wutsiya ta ragu zuwa kimanin rabin miliyan saboda harbin kasuwa. Sai suka hana sayar da naman daji, suka sa lokacin buɗe farauta da na rufewa, suka ƙayyade adadin da mutum zai kashe. A 1937 suka kafa dokar Pittman da Robertson, wadda ta ware harajin da ake karɓa a kan bindigogin farauta da harsasai, yau kashi 11 cikin 100, ana raba kuɗin ga jihohi domin kula da namun daji. Yanzu barewar ta kai wajen miliyan 30. Kowane harsashi da Ba'amurke ya saya yana biyan kuɗin dabbar da zai harba baɗi. Gardamar .270 da .30-06 'yar wannan tsari ce. Sai da aka tara dabba sannan aka sami sukunin musu a kan abin harbinta.

A Afirka ma akwai misali. Namibiya ta yi doka a 1996 da ta ba al'ummomin karkara ikon cin moriyar namun dajin ƙasarsu, har aka kafa gandayen al'umma sama da 80. Manomin da ke samun rabo daga giwa yana da dalilin haƙuri da ɓarnarta. Kenya kuwa ta haramta farauta gaba ɗaya a 1977, amma bincike ya nuna namun dajinta sun ragu da kusan kashi biyu cikin uku a shekaru arba'in da suka biyo baya, domin hana harbi bai hana cinye daji ba. Ba na cewa sai da farauta dabba ke tsira. Raƙuman dawan Kure sun haura 600 ba tare da an harbi ko ɗaya ba, ta hanyar kariya da kuɗin 'yan yawon buɗe ido da tallafa wa ƙauyukan da ke zaune da su. Abin da misalan suka haɗu a kai shi ne: dabba tana rayuwa ne inda maƙwabcinta ɗan Adam yake da riba a rayuwarta.

Abin da ke kan faifai

Wani zai ce wannan hira ce ta masu ƙoshi, a ƙasar da ake fama da tsadar hatsi da 'yan bindiga. Amsata ita ce Uromi. A ƙarshen watan Maris na 2025, maharba 'yan jihar Kano, da yawansu daga Torankawa ta ƙaramar hukumar Bunkure, suna dawowa daga jihar Ribas domin yin ƙaramar Sallah a gida. 'Yan sintiri suka tare motarsu a Uromi ta jihar Edo, suka ga bindigogin toka, aka yi musu kururuwar masu garkuwa da mutane, gungun jama'a suka kashe 16 daga cikinsu. Alhakin wannan jini yana wuyan waɗanda suka zubar da shi, babu wani bayani da zai rage shi. Amma ya kamata mu tambayi kanmu: me ya kai maharbin Bunkure farauta har Ribas, tafiyar kusan kilomita dubu? Dajin gida ne ya ƙare. Kuma me ya sa babu wata shaida a hannunsa da ɗan sintirin wata jiha zai gani ya tsaya? Domin mun bar sana'ar da ta girmi ganuwar Kano ba rajista, ba tsari, ba mai magana da yawunta a gaban hukuma.

Waɗannan mutane su ne aka nema a 2014 lokacin da Boko Haram ta mamaye arewacin Adamawa, suka shiga gaba saboda sun san daji. Ana tuna su ranar tsoro, a manta da su ranar rabo.

Ga abin da nake gani ya kamata. Na ɗaya, a yi wa maharba rajista ta hannun sarakunansu na sana'a da masarautu, a ba su katin shaida mai lambar bindiga wanda rundunar 'yan sanda za ta amince da shi a kowace jiha. Na biyu, a dakatar da harbin manyan namun daji a jihar Kano na tsawon shekaru, a rufe kowace irin farauta a lokacin haihuwar dabbobi, a kuma hukunta cinna wa daji wuta domin korar gafiya, wanda ke ƙone abincin dabbobin gida da na dawa gaba ɗaya. Na uku, a ɗauki maharban kansu aikin gadin Falgore da albashi. Wanda ya iya bin sawun gwanki ya iya bin sawun mai harbinsa. A Yankari, bayan ƙungiyar WCS ta shiga tallafa wa masu gadi da horo da alawus, an shafe shekaru bayan 2015 ba a sami gawar giwar da aka harbe ba. Na huɗu, kuɗin lasisi da wani kaso na kuɗin harsashi su tafi asusun gandun daji kai tsaye, a riƙa buga lissafinsa kowa ya gani. Na biyar, in ranar buɗe farauta ta zo, a fifita ƙwayar jan ƙarfe a kan ta dalma, domin dalma tana farfashewa cikin nama, mai ci ya ci, ungulu ma ta ci. Mutanen da suka ga yadda gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010 ba sa bukatar dogon bayani a kan wannan.

Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da rarrabewa tsakanin farautar neman abinci, wadda take halal, da ta wasa kawai, wadda suka karhanta. Sun kuma yi umarni da kyautata kisa. A nan ne ilimin harsashi yake da daraja ta gaskiya: a san abin da zai kashe dabba nan take, kada a bar ta ta gudu da rauni ta mutu a ɓoye bayan kwana uku.

Da aka kira Magariba na ce wa abokina: in ka je Namibiya da kuɗinka da izininsu, ɗauki .30-06, in da ɓauna a lissafi ɗauki .375. A nan gida kuwa, in har ka sami lasisi, bindigar tsuntsaye mai baki ɗaya ta ishe ka zabo da fakara a inda aka yarda. Kuɗin raifil ɗin kuma ka riƙe shi, ka tara abokanka likitoci da injiniyoyi da lauyoyi, ku je ku ga halin da Falgore ke ciki, ku zauna da maharban Bunkure ku ji bukatunsu, ku kai maganar gaban majalisar jiha. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni kilomita nawa ne daga nan zuwa Falgore. Na ce masa kimanin 150, ta hanyar Tudun Wada, kuma gara a fita da sassafe.